Ragon Suna a Daminar Ikko

Jiya bayan la'asar aka yi ruwa a Doha. Ba wani ruwan kirki ba ne, yayyafi ne da ko zane ba zai jiƙa ba, amma sai ga mutanen unguwarmu ta Mirkab sun fito ƙofar shaguna suna ɗaga waya sama suna ɗaukar hoto. 'Yata ta dawo daga asibitin da take aiki, ta ce in yafa mayafi ta kai ni Kornish, bakin teku, in sha iska. Tun da na fita takaba ban leƙa ko'ina ba. Muna isa ta sauke gilashin mota, warin gishiri da na jiƙaƙƙiyar ƙasa suka shigo tare, sai kuka ya ƙwace mini. Ban ɓoye ba, na gaji da ɓoyewa. Wannan ne azumina na farko babu Malam, kuma warin nan shi ne warin daminar da na haife ta. Shi ya sa yau na ce ta zauna ta rubuta, ni ina faɗa, don ko alif ban iya ja ba.

Malam, mijina, sojan ruwa ne. Mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Daura, wanda kafin ya shiga soja bai taɓa ganin ruwan da ya wuce masa ƙugu ba. A barikin sojan ruwa na Ikko muka zauna, ɗaki ɗaya da rufin kwano. Ni ban taɓa taka jirginsu ba, amma ya ba ni labarinsa har na san shi kamar tsakar gidanmu. Ba irin jirgin da ke tsayawa a tasha kawai ba ne. Ƙasansa a shafe yake kamar faranti, don ya iya hawa gaɓa. Da gangan yake tahowa ya ɗare kan rairayi, ya buɗe baki, ya sauke wani faffaɗan harshe na ƙarfe, motoci da sojojin ƙasa su fito ta kai. Saboda shafaffen ƙasan nan, in ya shiga tsakiyar teku ba ya zama wuri ɗaya, sai tangaɗi. Malam yakan yi dariya ya ce sojan ƙasa zai shigo yana taka ƙasa da ƙarfi, kafin azahar ka same shi rungume da bokiti yana kiran uwarsa.

Aikin Malam a bayan jirgin yake. Kafin a hau gaɓa sai an jefa anga, wata ƙatuwar ƙugiya ta ƙarfe, a can baya inda ruwa ke da zurfi, ana tafiya ana sakin igiyarta ta waya. In an gama sauke kaya sai inji ya naɗe igiyar, jirgin ya jawo kansa da baya ya koma ruwa. Shi ne mai kula da injin nan. Tafin hannunsa kullum kamar bayan ƙwarya.

A waccan shekarar azumi ya faɗo tsakiyar damina, ni kuma cikina ya tsufa. Na haifi biyu kafin nan, babu wanda ya kai ranar suna. Haka aka binne su. Har yau in zan yi musu addu'a sai dai in ce na farko da na biyu. Don haka da Malam ya ga wannan cikin ya zauna, tun watan Sha'aban ya je wurin 'yan Arewa masu sayar da dabbobi ya sayo rago. Uda ne, dogo, gabansa baƙi bayansa fari. Ya ɗaure shi a bayan ɗakinmu. Ana sauran 'yan kwanaki a ga wata aka ce jirginsu zai kai sojoji da motoci wata gaɓa mai nisa.

Na ce, "Malam, in na sauka ba ka nan fa?"

Ya ce, "Kai su za mu yi mu juyo. Kafin ki gama shan kunun farko ina ƙofar nan."

"To, ka bar mini sunan mana."

"A'a. Sunan yana bakina. Ni zan yi huɗuba, ni zan riƙe ƙahon ragon nan. Sau biyu ina tanadin suna ban samu faɗa ba. Wannan karon da bakina zan faɗa."

Na ga idonsa, na haƙura.

Ya tafi, aka ga wata, ruwa ya ɓalle. Wanda bai yi damina a Ikko ba ba zai gane ba. Mu a gida hadari yakan haɗu, a sheƙa, rana ta fito. Can kuwa sama sai ta rufe ta manta da buɗewa. Kwanon ɗakina yana yoyo ta wurare da dama, na jera kwanoni da tasa, kowanne da irin ƙararsa. Gishiri ya narke a gwangwani. Ashana ta ƙi kamawa sai an ɗumama ta a hammata. Takalman Malam na fita unguwa suka yi furfurar funfuna a ƙarƙashin gado. In ka shanya zane yau, jibi ma da danshinsa, ga wari. Kwatar bariki ta cika ta shigo har bakin ƙofa, kwaɗi suna tsalle a kan dakali.

Kuma shekarar matsi ce. Shinkafa, madara, sabulu, kananzir, komai sai an bi layi, ka tsaya cikin ruwa tun safe a ce ya ƙare. Mu biyu muka haɗa tukunya, ni da maƙwabciyata Mama Ebere. Ibo ce, Kirista, amma a Sabon Garin Kano ta tashi, Hausarta ta fi ta wasu Hausawan. Mijinta shi ne kukun jirginsu Malam. Ba ta azumi, amma tun da aka fara ta daina cin abinci a gabana, sai ta shige ɗaki ta tura ƙofa.

A goman farko na haihu, da hantsi, ruwa na dukan kwano har ba a jin kukan jaririyar. Inna Kande ce ta karɓe ta, wata dattijuwa Bazazzagiya, uwar wani kofur, wadda ke yi wa matan bariki ungozoma. Ta ɗaga ta ta ce, "Mace ce. Ga Azumi ta zo." Sunan da ya bi ta ke nan har yau, har a asibitinsu Dakta Azumi suke ce mata. Amma wannan laƙabi ne, ba sunan yanka ba.

Wankan jego yana son tafasasshen ruwa safe da yamma, mu kuwa itacenmu jiƙaƙƙe ne. Matan layinmu suka raba aikin ba tare da na roƙa ba. Wannan ta kawo katakon akwatin da ya karye, waccan ta kawo ɓawon kwakwa. Inna Kande, da azumi a bakinta, takan durƙusa tana hura wuta hayaƙi na cin idonta, tana faɗa da itacen kamar yana jinta. Ni mai jego ba na azumi, kuma abin da ya fi ba ni kunya ke nan: kowa bakinsa a bushe, ni ana tura mini kunun kanwa ana cewa in shanye don nono. Gero kuwa ya yi ƙasa a buhu har ana jin kwano yana kartar gindi. Daga baya Mama Ebere ta koma jiƙa mini garin rogo da ruwan zafi. Yunwar mai shayarwa daban ce, a ƙashin baya ake jinta.

Ana gobe suna Baba Liman, limamin masallacin bariki, ya zo ya tsaya daga bakin ƙofa da lemarsa.

Ya ce, "'Yata, gobe bayan asuba za mu zo. Wane suna maigidan ya bari?"

Na ce daga cikin ɗaki, "Bai bari ba, Baba. Yana bakinsa."

"To, ke ki zaɓa. Addini bai hana ba."

"Baba, a yi mini haƙuri. Ya ce shi zai riƙe ƙahon."

Ya ce, "Allah ya dawo da su lafiya," ya juya.

Ranar suna ta wuce ba a yi ba. Jirgi shiru. Matan da mazansu ke ciki suka ɗunguma zuwa ofis, Mama Ebere a gaba. Aka ce musu jirgi yana nan lafiya, su koma gida. Amma a kasuwa wani labarin ake yi. Mai kifi ta ce ya kife. Mai kananzir ya ce an ga hulunan soja suna yawo a kan ruwa. Ni dai abu ɗaya na riƙe: muddin ragon nan yana ɗaure, Malam yana hanya. In na sa aka yanka shi, na yarda ke nan ba zai dawo ba.

Sai dai ragon Arewa ba ya son danshi. Da fari ya daina cin ciyawar da ake yanko masa, don jiƙaƙƙiya ce. Mama Ebere ta riƙa bi ɗaki ɗaki tana tara ɓawon doya da na ayaba, tana busar da su a gefen murhu. Muka samo katakai muka yi masa dandamali don kofatonsa ya bar taɓo. Duk da haka majina ta fara zubo masa, ya fara tari irin na tsofaffi. Da na ga haka sai na kwance shi na shigo da shi ɗaki, na ɗaure a ƙafar gado.

Inna Kande ta shigo da tukunyar ruwan wanka ta yi turus. "Ikon Allah! Yau ga masu jego biyu a ɗaki ɗaya. Wanne zan fara gasawa?"

Mama Ebere ta leƙo ta ce, "Fara da mai ƙahon, Inna, shi ya fi jin jiki."

Muka yi dariya har da hawaye. A kwanakin nan dariyar da na yi ke nan.

Da aka shiga goman ƙarshe sai yarinyar ma ta kama tari. Jikinta ya yi zafi, ƙirjinta yana kurkur, ta kama nono ta saki. Ina zaune a tsakiya, ta dama tana tari, na hagu yana tari. Inna Kande ta zauna bakin gado, ta daina wasan da ta saba.

Ta ce, "Ke yarinya, saurare ni. Ba na yi miki baƙin baki. Amma kin ba ni labarin biyun da suka tafi. In Allah ya yi ikonsa a kan wannan, me za ki riƙa kiranta? Ta uku?"

Na juya fuska bango.

Washegari da safe ragon ya kasa tashi. Ya miƙe wuya a ƙasa, idonsa ya yi fari-fari. Aka kira Baba Liman. Ya durƙusa ya taɓa shi, ya ɗago ya ce, "'Yata, ko dai wuƙa yanzu, ko mushe kafin azahar. Mijinki bai sayi ragon nan don a jefar da shi a kwata ba."

Na dubi yarinyar a cinyata. Numfashinta sama-sama. Na ce a raina Malam zai yafe mini in na riga shi faɗa, amma ba zan iya sake binne wadda ba ta da suna ba.

Na ce, "A yanka, Baba."

"Sunan fa?"

"Na mahaifiyarsa."

Ba zan iya furta sunan surukata ba, ko da ta rasu, sai Inna Kande ce ta faɗa a madadina. Har yau ban taɓa furta shi ba. Mai rubutun nan ta san abinta, in ta ga dama ta sa. Baba Liman ya yi mata huɗuba a kunne, aka ja ragon waje ƙarƙashin lema, wani kofur ya riƙe ƙahon. Ina jin kabbarar na toshe bakina da zane. Ni a wurina ranar nan ba suna aka yi ba, Malam na binne. Naman duk ƙashi ne, amma da aka sha ruwa kowane ɗaki a layinmu ya ɗora tukunya, har na Kiristoci. An daɗe ba a ji ƙamshin nama a barikin nan ba. Inna Kande ta yi mini romo da barkono da kanwa ta tsaya a kaina sai da na shanye. Bayan kwana kaɗan zazzaɓin yarinyar ya sauka, ta kama nono da ƙarfi har sai da na yi ƙara.

Salla ta zo ta wuce, ban ko canza zane ba. Sai wata ranar da rana ta ɗan leƙo, ina shanya tsummokin jaririya, na ji guɗa daga bakin bariki. Mama Ebere ta wuce ni a guje babu ɗankwali. Ina nan tsaye riƙe da jiƙaƙƙen tsumma har Malam ya ɓullo ta kan kwana. Ya rame, ya yi baƙi, kakinsa yana lilo a jikinsa. Tafin hannunsa duk ya saɓule. A hannun yana riƙe da wata 'yar hula da ya ɗinka da ƙyallen tsohuwar rigarsa.

Ko sallama bai ƙarasa ba ya ce, "Ina Nuhu?"

Na ce, "Wane Nuhu?"

"Ɗana mana!"

Inna Kande ta fito da jaririyar ta miƙa masa. "Ga Nuhunka nan, saje. Sai dai ka tanadi 'yan kunne."

Ya buɗe zanen, ya rufe. Ya dube ni, ya dubi turken da babu rago. Na fara ba shi haƙuri ina kuka, ina cewa ragon ne ya kwanta, yarinyar kuma ba lafiya. Ya ce, "Wane suna kika sa?" Na ce na mahaifiyarsa. Sai ya zauna a kan dakali cikin danshin nan, ya kifa fuskarsa a cikin zanen yarinyar. Ya daɗe a haka.

Da ya ci abinci ya ba mu labari. Sun hau gaɓar ne a daren da aka ga watan azumi, lokacin da teku ke cika sosai. Aka sauke sojoji lafiya. Da ya tada inji don a jawo jirgi, igiyar angar ta tsinke, ta wuce ta gefen kansa da ƙara kamar bulala. Kafin a yi wata dabara ruwa ya janye, jirgi ya zauna daram a kan rairayi. Teku kuwa ba ta sake irin wannan cikar sai wata ya yi tsakiya, ko ya mutu ya sake tsayawa. Kullum igiyar ruwa tana ƙara tara musu rairayi a gefe. Suka koma haƙa da shebur, manya da ƙanana, masu azumi da marasa azumi. Ya ce, "Na gudo daga noma a Daura, ga ni ina noman rairayi a bakin teku." Ruwan sha ya ƙare, sai na sama da suke tara a tamfol. Abu ɗaya ya ce ya ji daɗinsa: duk zamansa a jirgin nan, in ya tada salla yana duban gabas, kafin ya sallame gabas ta koma bayansa. Wannan karon ne kawai alƙibla ta tsaya masa wuri ɗaya.

Da wata ya yi tsakiya teku ta cika, jirgi ya motsa kaɗan ya sake zama. Ranar nan manyan maza suka zubar da shebur. Shi kuwa ya lissafa ya ga lallai na sauka, ranar suna ma ta yi. Sai ya taka har ƙarshen harshen jirgin, ya fuskanci inda yake zaton gida yake, ya yi kiran salla a hankali kamar yana yi a kunnen jariri, ya raɗa suna. Sannan ya dawo ya ce wa abokansa, "Ku taso, yau suna nake yi." Baban Ebere, kuku, ya fito da naman gwangwani ɗaya da ya ɓoye. Ya ce shi Kirista ne, yankansa ba zai ciwu ga masu salla ba, ya miƙa wa Malam wuƙa. Malam ya yi bisimilla ya yanka gwangwani. Kowa ya samu abin da bai fi kan yatsa ba, aka yi addu'a, aka koma haƙa. Sai da watan Salla ya tsaya teku ta ɗauke su.

Na ce, "To, sunan da ka tafi da shi a baki fa?"

Ya ce, "Na mahaifinki ne. Amma mahaifinki bai taɓa shiga jirgi ba. Wanda ya maƙale a jirgi, wane suna zai zo masa in ba Nuhu ba?"

"Ko sau ɗaya ba ka kawo mace a ranka ba?"

"Wallahi ban kawo ba." Ya ɗora mata 'yar hular, ta rufe mata har hanci. "Kin sa mata sunan uwata, kin kyauta, bakina ba zai iya kiransa ba. Nuhu kuwa an riga an yanka masa. Ba a mayar da yanka."

Haka ya kira ta har ƙarshen ransa. A gaban baƙi Azumi ce, a cikin gida Nuhu. Da ta ci jarrabawar likita, "Nuhu ya ci." Ranar da aka kai ta ɗakin miji, "Nuhu, a yi haƙuri da mutane." Ni kuwa ita ta zame mini 'yar fari, ban taɓa kiranta da kowanne daga cikin sunayen ba. "Ke" nake cewa, da ta girma na koma "Likita".

Bara ta ɗauko mu ta kawo nan don a duba shi. Nan babu yoyo, babu layin kananzir, ruwan zafi a bango yake, ka murɗa ya zubo. An yi masa duk abin da ake yi. A kwanakinsa na ƙarshe ya daina gane mutane, har ni. Wata safiya ya buɗe ido yana ta kiran Nuhu. Ma'aikaciyar jinyar, wata baƙuwa mai kirki, ta tambaya ko yana da ɗa namiji a gida a kira shi a waya. Likita tana tsaye da farar rigarta ta aiki. Ta sunkuya ta ce, "Na'am, Baba, ga ni." Ya kama hannunta ya ce, "Ruwa ya cika?" Ta ce, "Ya cika, Baba." Bai sake magana ba. A nan Doha aka binne shi, cikin rairayi.

Tun daga ranar babu wanda ya sake kiranta da sunan. Mijinta Dakta yake cewa, 'ya'yanta Mami. Ban lura da abin da ta rasa ba sai yanzu da muka zo wurin nan a labarin, na ga hannunta ya tsaya, ta sunkuyar da kai ba ta son in gani. Na yi ta kukan mijina wata da watanni, ban tambayi wa zai kira yarinyar nan ba.

Ga shi an fara kiran salla a masallacin bayanmu, dabino yana kan tebur ba ta ko duba ba. Kunya ta shekara arba'in ba ta fita da sauƙi, amma bari in gwada.

Nuhu. Ajiye rubutun nan haka, zo ki sha ruwa.